Tauraron Nan Mai Dishi-Dishi a Kudancin Sakkwato: Mene Ne Shi, Me Ya Hana Shi Rugujewa?

TAMBAYA

Malam Nasiru ne ya rubuto mana daga Ƙofar Rini, cikin birnin Sakkwato. Ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum. A bazarar nan da zafi ya kore mu daga ɗaka muka koma kwana a waje, wani dare da aka ɗauke wuta na lura da wani tauraro can kudu, bai yi sama sosai ba. Ba ya ƙyalli kamar sauran, ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi ya lulluɓe shi. Da na yi maganarsa a majalisa, wani ya ce tauraruwa mai wutsiya ce ke tafe, kuma ba ta fitowa sai da wata masifa. 'Yata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta duba a waya, ta ce ai miliyoyin taurari ne suka cure wuri guda. Maganarta ta ƙara tayar mini da hankali. In haka ne, me zai hana su yi karo su fashe? In sun fashe, abin zai iso gare mu? Ko irin Kaza da 'ya'yanta ne? Sannan ina jin tsoron in bar yarinyar ta zurfafa cikin wannan sha'ani, kada ya zama duba."

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Allah ya saka da alheri da ka tambaya, ba ka bar abin yana cin ka a rai ba. Kafin mu shiga dogon bayani, ka kwantar da hankalinka. Abin da ka gani ba ya tafe wurinmu, ba ya shirin fashewa, kuma ba bana ya fito ba. Yana nan a gurbinsa tun kafin Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, kuma duk wanda ya taɓa kwana a waje a bazara a wannan gari ya ɗaga kai kudu zai iya ganinsa yadda ka gan shi. 'Yarka kuwa gaskiya ta faɗa, Allah ya yi mata albarka.

Siffar da ka bayar, da wurin, da lokacin, duk sun dace da abu guda: curin taurarin da masana ke kira Omega Sentauri. Shi ne mafi girma kuma mafi haske a cikin irinsa da ke kewaye da mu.

Na fahimci abin da ya sa maganar majalisa ta kama ka, kuma ban ga laifin wanda ya faɗe ta ba. Tauraruwa mai wutsiya idan tana nesa, kafin wutsiyar ta bayyana, ita ma haka take, wani ɗan gajimare mai haske. Masu binciken sama kansu sun sha ruɗewa. Wani Bafaranshe mai suna Charles Messier, wanda neman taurari masu wutsiya shi ne aikinsa, irin wannan ruɗani ne ya ishe shi, ya zauna ya jera abubuwan da suke kama da su amma ba su ba ne, don kada su riƙa ɓata masa lokaci. Ya fara buga jerin a 1774. Harafin M da za ka ga ina sa wa wasu curarrun taurari a ƙasa, kamar M4 da M22, daga sunansa ya fito.

Rarrabewar ba ta da wuya, kai ma za ka iya. Ka lura da taurari biyu ko uku da ke maƙwabtaka da abin, ka riƙe yadda suka jeru. Ka sake dubawa bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Mai wutsiya baƙuwa ce, za ka tarar ta gusa daga maƙwabtan nan. Curin taurari kuwa yana nan daram tare da su, suna fitowa tare suna faɗuwa tare. Shi wannan da ka gani, masanin taurari Baɗlamus ya rubuta shi a Iskandariyya ta Masar wajen shekara ta 150 miladiyya, yana zaton tauraro ɗaya ne. Edmond Halley ya dube shi daga tsibirin Sant Helena a 1677 ya ga ba haka yake ba, kuma a 1826 James Dunlop, daga Ostareliya, ya bayyana shi a matsayin dunƙulallen taron taurari. Abin da aka rubuta kusan shekara 1,900 da suka wuce kuma har yau bai kauce ba, ai ba za a ce yanzu yake tafe ba.

To mene ne shi? Taurari ne wajen miliyan 10, kowanne rana ce mai cin gashin kanta, sun taru sun yi ƙwallo guda. Tsakiyar ta fi cika, gefen yana sirancewa a hankali har ya ɓace cikin duhu. Don a auna irin wannan nisa ana amfani da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 cikin sakan guda, a shekara kuwa wajen kilomita tiriliyan 9.5. Faɗin Omega Sentauri daga gefe zuwa gefe tafiyar haske ce ta kimanin shekara 150. Tsakaninmu da shi kuwa kimanin shekara 17,000. Nisan ne ya sa idonka ya kasa rarrabe su, hasken miliyoyinsu ya haɗe ya zama dishi-dishin da ka gani.

Ba shi kaɗai ba ne. Farin zanen nan da ke ratsa sama a dare mai duhu, wanda littattafan falaki na Larabci ke kira Majarra, shi ne babban taron taurarin da ranarmu take ciki, kuma an san curarrun taurari sama da 150 da ke kewaya shi. Yawancinsu taurarinsu dubu ɗaruruwa ne, Omega ne ya fita zakka. Takwarorin Majarra su ma suna da nasu, akwai wata ƙatuwa mai suna M87 da aka ƙiyasta tana da fiye da 10,000.

Ka tambaya ko irin Kaza da 'ya'yanta ne. 'Yan'uwa ne na nesa, amma halinsu ya sha bamban. Kaza da 'ya'yanta, wadda malaman lissafin taurari ke kira Surayya, tana kusa da mu, tafiyar haske ta wajen shekara 440 kawai, shi ya sa ido ke iya ƙirga shida ko bakwai daga cikinsu. Duka-duka taurarinta dubu ɗaya da 'yan kai ne, kuma yara ne, shekarunsu wajen miliyan 100. Riƙon da suka yi wa juna sako-sako ne, nan da 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru za su watse kowa ya kama gabansa. Curin taurari irin Omega dattijo ne mai shekara wajen biliyan 12, kuma nauyinsa ya isa ya riƙe jama'arsa tsawon wannan zamani duka.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damunka, maganar karo. Tambayar tana da ma'ana ƙwarai, domin kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa idan ya tsinke, shi ne ke aiki tsakanin taurari. In miliyan 10 suna jan juna, hankali zai ce ai ƙarshensu su rufta tsakiya su dagargaje. Abu biyu ne suka hana.

Na farko, cunkoson da hoto ke nunawa yaudarar ido ce. Ka ɗauka kowane tauraro ƙwayar gero ce guda. A wannan ma'auni, in ka ajiye ranarmu a Ƙofar Rini, tauraron da ya fi kusa da ita yana can kusan kilomita 60. A tsakiyar Omega Sentauri, inda aka fi matsuwa, in ka ajiye ƙwaya guda sai ka yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya kafin ka tarar da ta biyu. Cunkoso ne in an kwatanta da namu yankin, amma ƙwayar gero biyu da ke da kilomita guda tsakaninsu, kowace na tafiyarta, sai an daɗe ƙwarai kafin su haɗu goshi da goshi.

Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin maganar, babu tauraro ko ɗaya a cikin curin da ke tsaye. Kowanne gudu yake yi, wajen kilomita 10 zuwa 20 cikin sakan guda. Nauyin jama'ar yana jawo shi ciki, gudunsa yana ɗauke shi gaba, sai ya zama kewaya tsakiyar yake yi maimakon ya faɗa cikinta. Dalilin da ya hana wata faɗowa duniya ke nan, da wanda ya hana duniya faɗawa rana. Bambancin kawai, a curin taurari babu hanya guda da kowa ke bi. Wani yana zagaye a kwance, wani a tsaye, wani ya kutsa ta tsakiya ya ɓulla ɗaya gefen ya sake juyowa, tafiyar da kan ɗauke shi shekara miliyan ɗaya ko fiye. Da yake hanyoyin sun fuskanci kowace kusurwa, taron ya zama ƙwallo. Da za a tsayar da su duka a lokaci guda, lalle da sun rufta kamar yadda ka zata. Motsin ne ke riƙe da ginin.

Ina so ka tsaya kan wannan, Malam Nasiru, domin a nan tsoronka yake. Abin da ya daidaita tsakanin ja da gudu har shekara biliyan 12 ba abin da zai ɓaci a daren gobe ba ne. Ranarmu da duniyarmu shekararsu biliyan 4.6. Shekarun curin nan sun ninka nasu fiye da sau biyu.

Amma ba zan ce maka curin taurari ba ya canzawa ba. Yana tsufa, kuma yadda yake tsufa na daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a wannan fanni. Taurari ba sa karo, amma suna gilma wa juna, kuma duk gilmawa akwai ɗan fizga. Wannan ya karkatar da wancan kaɗan, wancan ya rage wa wannan gudu kaɗan. Fizga ɗaya ba komai ba ce. Idan ta taru cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru sai ta sake fasalin curin baki ɗaya.

A irin wannan musaya, mai nauyi shi ke yin asarar gudu, mara nauyi ya samu ƙari. Wanda gudunsa ya ragu sai ya nutse zuwa tsakiya, wanda ya ƙaru sai ya yi gefe. Saboda haka in an duba tsohon curi, manyan taurari da gawarwakin waɗanda suka mutu suna taruwa a ciki, ƙanana suna yawo a bakin iyaka. Lokaci-lokaci wani ƙarami yakan samu turin da ya wuce ƙarfin riƙon curin, ya fice ba dawowa. Haka curin ke zubar da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Masana irin su Viktor Ambartsumian a 1938 da Lyman Spitzer a 1940 sun yi lissafin wannan zurarewa tun kafin a sami kwamfutar da za ta gwada ta.

Akwai abin mamaki a nan. Duk wanda ya fice ko ya yi gefe, da ƙarfin tsakiya ya tafi. Tsakiyar da ta yi asarar ƙarfi sai ta ƙara tsukewa, in ta tsuke taurarinta su ƙara kusantar juna, gilmawa ta yawaita, asarar ta ƙara sauri. Abu yana ciyar da kansa. Wannan shi ake kira ruftawar tsakiya, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na curarrun da ke kewaye da Majarra sun riga sun shiga wannan hali. M15 sanannen misali ne, tsakiyarsa ta matse ƙwarai.

Kalmar ruftawa kada ta firgita ka. Ko waɗanda abin ya same su suna nan suna haske, domin akwai birki. Taurari da yawa tagwaye ne, biyu suna kewaya juna. Idan tsakiya ta matse, tauraro na uku yakan gilma kusa da tagwayen, su watsa shi waje da gudun da ya fi wanda ya zo da shi, su kuma su ƙara matsowa kusa da juna. Ƙarfin da tagwayen ke saki ta wannan hanya yana komawa cikin jama'a, ya ƙara musu gudu, ya tsayar da tsukewar, wani lokaci ma ya sake buɗa tsakiyar. Shi Omega da ka gani ko kusa bai kai wannan mataki ba. Girmansa ya sa komai nasa a hankali yake tafiya, tsakiyarsa har yanzu a sake take.

Shin ke nan ba a taɓa karo ba sam? Ana yi jefi-jefi, a wuraren da suka fi matsuwa, kuma an ga alamarsa. A 1953 Allan Sandage yana nazarin curin M3 sai ya tarar da wasu taurari shuɗɗa masu zafi, irin waɗanda bisa lissafi ya kamata a ce sun mutu tuntuni. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne, ƙananan tsofaffin taurari biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya babba, ko dai ta karo, ko kuma ɗaya daga cikin tagwaye ya zuƙe iskar ɗan'uwansa. Ka ga sakamakon karon ke nan: sabon tauraro mai ƙarin haske, curin kuma yana nan yadda yake.

Game da ko wani abu zai iso gare mu, amsar a'a ce, kuma dalilin a fili yake. Taurarin da ke mutuwa da gagarumar fashewa su ne ƙattin da suka ninka rana nauyi sau takwas ko fiye, kuma irinsu ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru sun ƙone. Na cikin Omega sun gama nasu tun duniyarmu ba ta samu ba. Ko da wani tauraro zai fashe a can ta wata hanya, fashewar tauraro ba ta cutar da duniya sai in tana cikin tazarar 'yan gomomin shekarun haske. Mu muna maganar 17,000. Iyakar abin da za mu samu shi ne sabon ɗigon haske na 'yan makonni, masu na'ura su yi ta murna.

Wannan mutuwar manya da wuri ita ce ma hanyar da ake gane shekarun curi. Taurarinsa kusan lokaci ɗaya aka haife su, daga gajimaren iska guda. Mai nauyi yana cinye makamashinsa da sauri, mara nauyi yana tattali. Tauraro kamar ranarmu yakan yi wajen shekara biliyan 10. To idan aka duba curi aka ga duk masu nauyin rana da waɗanda suka fi ta sun riga sun tsufa ko sun mutu, sai waɗanda ba su kai ta ba suka rage da ƙuruciyarsu, an san ya haura biliyan 10. Da irin wannan awo aka samu shekara biliyan 11 zuwa 13 ga yawancinsu, alhali sararin samaniya gaba ɗaya an ƙiyasta masa biliyan 13.8. Akwai shaida ta biyu. Ƙarfe da sauran abubuwa masu nauyi a cikin taurari ake ƙera su, su bazu idan taurarin sun mutu. Taurarin curi suna da ƙarancin waɗannan sosai in an gwada da rana, alamar an haife su tun sama ba ta tara su da yawa ba.

Ban da gilmawar cikin gida, akwai mai ci daga waje. Kowane curi yana kewaya Majarra, kuma duk lokacin da ya ratsa ta cikin faifanta ko ya matso kusa da cibiyarta, janta yakan yage masa taurarin gefe. Akwai wani mai suna Palomar 5 da aka gano yana jan dogayen jela biyu na taurarin da aka ƙwace masa, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ya kusa ƙarewa. Waɗanda muke gani yau su ne suka tsira. Ƙarshen curin taurari ke nan, ya yi ta raguwa shiru har ya narke cikin Majarra, cikin biliyoyin shekaru.

Omega kansa yana da wani sirri. A yawancin curarru taurarin kusan sa'o'in juna ne, ƙarfen jikinsu ma kusan ɗaya. A cikin Omega an tarar da zuriya daban-daban, wasu sun fi wasu ƙarfe nesa ba kusa ba. Wannan ya sa masana da dama suke ganin asalinsa cibiyar wata ƙaramar majarra ce da tamu ta haɗiye, ta cinye gefenta, ƙwallon tsakiyar ya gagara. A watan Yulin 2024 wasu masu bincike da suka tattara hotunan na'urar Hubble na fiye da shekara 20 suka ba da rahoton taurari bakwai a tsakiyarsa masu gudun da ya kamata ya fitar da su daga curin, amma suna nan. Suka ce akwai baƙin rami, wato abu mai jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, mai nauyin rana aƙalla 8,200 da ke riƙe da su. Wasu masanan suna ganin tarin ƙananan baƙaƙen ramuka ne, ana kan muhawara. Ko wanne ne, nauyin curin duka ya kai na rana wajen miliyan 4, don haka abin da ke tsakiyar ɗan ƙarami ne a kansa, ba zai haɗiye shi ba. Nahiyarmu ma tana da hannu a binciken: na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faranti 64, ta gano gawarwakin taurari sama da goma a cikin Omega, irin waɗanda ke juyawa sau ɗaruruwa cikin sakan guda.

Wani amfani da curarrun nan suka yi wa ɗan Adam ya cancanci a ambata. Har farkon ƙarni na 20 ana zaton ranarmu tana kusa da tsakiyar Majarra. A 1918 Harlow Shapley, a Amurka, ya auna nisan curarru da dama, ya lura sun fi taruwa a gefe guda na sama, wajen taurarin da malamanmu ke kira Shaula da Na'a'imu. Ya ce in suna kewaya cibiya ne, to cibiyar tana can inda suka taru, mu muna gefe. Ya yi daidai. Awon yau ya nuna tsakaninmu da cibiyar tafiyar haske ce ta wajen shekara 26,000.

Sai maganar 'yarka, wadda nake ganin ta fi sauran nauyi a zuciyarka. Tsoronka na uba ne nagari, kuma ina girmama shi. Duba shi ne mutum ya ce tauraro kaza ya nuna wane zai mutu, wance za ta yi aure, ko masifa za ta sauka. Abin da yarinyar ta yi kuwa awo ne da lissafi: mene ne wannan, ina yake, yaya yake tafiya. Wannan ilmin falaki ne, kuma ba baƙo ba ne a Sakkwato. Da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla. Da shi manoma da malamai suka daɗe suna bin taurarin damina. Daga garinku ne Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata ga ƙasa baki ɗaya. A tarihin Musulunci ma, Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa kan taurari a shekarar 964, kuma a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare da yau aka san majarra ce sukutum, wato Andromeda. In ka lura, a cikin maganganu biyun da ka ji, ta majalisa ce ta jingina masifa ga tauraro, ta yarinyar ba ta yi ba. Ka kai wa malaminka wannan bambanci ka ji ta bakinsa, ina da yaƙinin zai ƙara maka natsuwa.

Shawarata ita ce ka ƙarfafa mata. In tana son lissafi da kimiyyar fiziks, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a gida, ba sai ta yi nisa ba tukuna. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, da cibiyarta ta nazarin taurari a Nsukka. 'Ya'yanmu na Arewa ba su yi yawa a wannan fage ba, mata kuwa sun fi ƙaranci, kuma abin yana damuna.

Ga kuma yadda za ku kalle shi tare. Ku sani kuna da gatan da wasu ba su da shi. Omega Sentauri ba ya fitowa sam a Landan ko Faris, shi ya sa Messier bai sa shi a jerinsa ba. A Sakkwato kuwa yakan hau har kusan digiri 30 sama da ƙasa. In ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne, don haka dunƙule uku za ka ɗora daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kana fuskantar kudu sosai. Mai nuna hanya shi ne Simaku, farin tauraro mai haske da ke can sama da shi. Idan Simaku ya kai ƙololuwarsa, ka sauko da ido kai tsaye kudu wajen dunƙule uku da rabi, za ka faɗa kansa.

Lokacin da ya fi tsayi yana sauyawa da wata. A tsakiyar Afrilu wajen ƙarfe 12:30 na dare ne, a tsakiyar Mayu wajen 10:30, a farkon Yuni wajen 9:00. Mai tashi da asuba zai same shi a ƙarshen Janairu kafin gari ya waye, in ƙurar hunturu ta yi sauƙi. Ku zaɓi daren da babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko kwanakinsa na farko. Daren da ya biyo bayan ruwan farko, da ƙura ta kwanta, ya fi kowanne. Ku ajiye waya da tocila, ku ba ido minti 15 zuwa 20 ya saba da duhu. Wata dabara: kada ka zuba masa ido kai tsaye, ka kalli ɗan gefensa, gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Fitilun gari su ne babban cikas. Saman soro ko wani fili a cikin unguwa ya wadatar a daren da babu wuta. Ban ce ku fita bayan gari da dare don wannan ba, yanayin tsaro bai ba da haka ba, lafiyarku ta fi. Idan wata hidima ta kai ku ƙauye kuka kwana, to nan ne za ku ga ainihinsa, faɗinsa a sama ya kai na cikakken wata. Madubin hangen nesa mai ido biyu, ko na hannu ne aka saya, zai nuna muku shi ƙwallo sosai mai haske a tsakiya. Rarrabe taurarin ɗaya-ɗaya sai da babbar na'ura. Manhajar Stellarium a waya tana nuna sunan duk abin da aka auna ta gare shi, yarinyar za ta iya da ita.

Idan damina ta kankama Omega ya yi yamma, akwai wasu. Ku nemi Kunama, ku sami jan tauraron da ke ƙirjinta, wanda ake kira Ƙalbu. Dab da shi ta yamma akwai M4, ɗaya daga cikin curarrun da suka fi kusa da mu, tafiyar haske ta wajen shekara 6,000 zuwa 7,000. Gabas da nan, a yankin Na'a'imu, akwai M22, wanda aka gano tun 1665. Duka biyun suna hawa sama sosai a Sakkwato daga Yuni zuwa Agusta, kuma madubi mai ido biyu yana kama su a daren da hadari ya janye.

Malam Nasiru, ka koma majalisa da gwajin nan na mako guda, ka gayyaci wanda ya yi maganar mai wutsiya ku duba tare, cikin mutunci. Sauran masu karatu da ke Katsina, Kano, Zariya ko Maraɗi, ku ma kuna ganinsa a kusan wannan tsayi. Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani, kuma ina jiran wasiƙar 'yarka da tambayoyinta na kanta. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani. A gaida mutanen Ƙofar Rini.